Tsakanin Ranka da Ranki

Babana masinja ne. Yanzu ina faɗin haka da bakina cike, amma akwai lokacin da idan aka tambaye ni aikinsa a makaranta sai in ce ma'aikacin gwamnati ne, in yi maza in canza zance. Ba ƙarya na yi ba, amma ni na san abin da nake ɓoyewa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan a wata ma'aikata cikin garin Kaduna. Kullum da safe zai fito da kekensa daga gidan hayar da muke zaune a Kawo, ya ɗaure bakin wandonsa da roba kada sarƙa ta kama, ya bi ta gefen tasha yana amsa gaisuwar 'yan kamasho da masu shayi har ya ɓace mana.

Ni ce 'yar fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Kunya ce irin ta mutanen da. Ƙannena kowa da sunansa yake kiransa, har da na tsokana, ni kuwa "ke" ce. "Ke, kawo buta." "Ke, an tashi lafiya?" In yana maganata da wani sai ya ce "waccan". Inna ma ba ta kiran sunan, amma ita ta yi dabara, ta ari "Yaya" daga bakin ƙannena. Abin Baba ne ya tsaya min a rai, har wata rana na tambayi Inna ko ya manta sunan ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Shi da ya zaɓa miki, ya sayi ragon? Ki bar shi. Ke ɗin nan ta fi sunan tsada, sai kin girma za ki gane."

Doka ɗaya ce Baba ba ya wasa da ita a gidanmu: ba a ce wa babba "kai" ko "ke". "Ku" ake cewa, ko mutum ɗaya ne. Mai sayar da ruwa ne, mai gyaran takalmi ne, in dai ya girme ka to "ina kwananku" za ka ce. Za ka iya fasa kwano Baba ya yi shiru, amma ka ce wa tsoho "kai" ya ji, ranar sai ka gwammace kiɗa da karatu.

Ina da shekara goma sha biyu na fara zuwa ofishinsu. An ba mu takarda a makaranta, aka ce lalle uba ya sa hannu a ranar, Inna ta saka ni a bas ta yi wa kwandasta kwatance. Na same shi zaune kan benci a baranda, kusa da wata ƙofa. Ya karɓi takardar ke nan yana laluben biro sai aka turo ƙofar, wani saurayi mai laktaye ya leƙo, ko gemun kirki bai ajiye ba.

"Kai, masinja. Ina ka shige tun ɗazu?"

Baba ya miƙe, ya ɗan rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe." Ya sa hannu biyu ya karɓi fayil ɗin da aka miƙo masa da hannu ɗaya.

Ban taɓa jin an ce wa babana "kai" ba sai ranar. Kunnuwana suka ɗau zafi. Na rasa wanda na fi jin haushi, yaron da ya faɗa ko Baba da ya amsa. Na jira shi har aka tashi, ya ɗauko ni a bayan keke. A hanya ya tsaya ya sayi gyaɗa ya miƙo min, na ce ba na ci. Ni fa tun ina ƙarama in na cika ba na iya haɗiyewa, sai na fashe. Mun kusa tasha na ce, "Baba, don me za ku ce masa ranka ya daɗe? Kun haife shi fa."

Bai juyo ba, yana ta taka kekensa. Ya ce, "Kujerar na gaisar. Kujerar nan ta girme ni, tun kafin in zo tana nan, in na tafi ma tana nan. Wanda ke kai kuwa, sai mun gani."

"To in kun gani fa?"

"In na gani, akwai abin da nake kiransa."

Bai faɗa min ba, ni ma girman kai ya hana ni tambaya. Amma daga ranar na kasa kunne a bakinsa, na zama kamar mai gadin harshensa. Na gane cewa Baba yana da ma'auni, kuma bai taɓa kuskuren awo ba. Ɗan sanda "yallaɓai" ne. Direban bas "oga" ne, musamman in ana son ya tsaya inda ba tasha ba. Duk mai tumbi da mota "Alhaji" ne, ko Zariya bai taɓa wucewa ba. "Malam" ta kowa ce, kamar ruwan randar masallaci. "Ranka ya daɗe" kuwa ta masu kujera ce, yana raba ta ba rowa, ba kuma tare da ta taɓa masa zuciya ba. Sai kalma ɗaya da yake yi wa rowa ƙwarai, wato "dattijo". A iya sanina, waɗanda ya kira da ita ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ɗaya daga cikinsu wata mai buga tafireta ce a ofishinsu, Kirista, 'yar kudancin Kaduna. Ba ta kai Inna shekaru ba, amma "Dattijuwa" yake ce mata. Da Salla takan zo mana da 'ya'yanta su ci tuwon shinkafa, da Kirsimeti mu je gidanta a Malali mu ci shinkafa da kaza har mu kasa tashi. Inna ce ta ba ni labarin yadda ta sami sunan. Wani fayil mai muhimmanci ne ya ɓace, aka ɗora wa Baba, don shi ne mai ɗauka, kuma laifi a ofis ƙasa yake gangarowa. Ana shirin rubuta masa takardar gargaɗi sai matar nan ta gano shi a ƙarƙashin tulin takardun teburinta. Da ta so, da ta tura shi wani lungu a tsince shi, babu mai sani. Sai ta miƙe a gaban kowa ta ce ita ce ta danne shi, masinja ya kawo mata tun ranar farko.

Hausarta ba ta raba mace da namiji. In ta gan ni sai ta ce, "Kai, yarinyan nan ya girma." Mu yara mu ruga bayan ƙofa muna toshe baki. Wata rana Baba ya kama mu. Bai dake mu ba, ya dai tsaya yana kallonmu har dariyar ta mutu da kanta, sannan ya ce, "Ita da yarenta, da na maƙwabtansu, da Turanci, ga Hausar da kuke wa dariya. Ku nawa gare ku? Mu Zagezagi ma ai dariyar Kanawa suke mana."

Ban san gaskiyar wannan ba sai da na je jami'a a Kano. Ranar farko a ɗakin kwana na ce wa wata, "Riganki ya yi kyau." Ɗakin ya kwashe da dariya. Aka ce rigarki ta yi kyau ake cewa, 'yar Kaduna. Na ce "motan gidanmu", aka sake kwashewa. Shekarar nan na ga ta kaina. Amma ni ba a yi min dariya sau biyu kan abu ɗaya. Na zauna na goge harshena kamar mai goge tukunya, har ya kasance kafin in gama ni nake gyara wa Kanawan rubutunsu. Na dawo Kaduna ina ji da Hausata, kuma har yanzu ina ji da ita, ba zan ɓoye ba. Abin da ban lura ba shi ne na dawo da dariyar ɗakin nan a aljihuna.

Na shiga aikin gwamnati, Allah ya yi min buɗi. Na yi aure, muka koma Unguwar Rimi, gida mai katanga da mai gadi. A hankali a hankali har na zama shugabar sashe a wata ma'aikata, ba wadda Baba ya yi wa aiki ba. Lokacin ya daɗe da ritaya, ya kuma ƙi barin Kawo, ya ce a Unguwar Rimi mutum zai mutu maƙwabcinsa sai a rediyo zai ji. Sai ga ni yau ni ce mai kujera. 'Yan mata na ce min "Madam", 'yan kwangila na ce min "Hajiya" tun kafin in je Makka, sauran kuwa "ranki ya daɗe" daga bakin get har ƙofar ofishina. Duk wanda ya ce maka abin nan ba daɗi, bai ɗanɗana ba. Na san abin da Baba ya faɗa a kan keke, na san ta kujera ce, amma in an daɗe ana gaida kujera kana kai, sai ka manta inda kujerar ta ƙare kai ka fara.

A sashena akwai masinja, tsoho ne mai furfura, shi ma daga kudancin Kaduna, saura masa 'yan shekaru ya yi ritaya. Kakinsa kullum a goge, kuma ban taɓa riga shi zuwa ofis ba. Gidansa can gaba da Kawo ne, bas biyu yake hawa. Laifinsa ɗaya a wurina, in zai gaishe ni sai ya ce, "Ranka ya daɗe." Ni kuwa mace ce. Da farko ban kula ba. Daga baya na lura sakatariyata na sunkuyar da kai tana murmushi duk lokacin da ya faɗa, sai abin ya fara sukata. Na taɓa gyara masa sau ɗaya ko biyu cikin wasa, ya ce to, gobe ya dawo da abinsa.

Ranar da abin ya faru, Baba ne zai ga likitan ido. Na ce masa ya zo ofishina da hantsi, direba ya kai mu tare. Bai taɓa zuwa ba, na kuwa ƙosa ya zo ya ga ɗakin, ya ga kafet, ya ga sunan da ba ya kira a rubuce jikin ƙofa. Ashe ya riga lokaci, kamar yadda ya saba. Bai ce a sanar da ni ba, ya nemi benci a baranda ya zauna kusa da masinja. Ina kuma tsohon masinja zai zauna in ba benci ba?

Ni kuwa na fito daga wani taro da aka wanke ni tas a gaban ƙananan ma'aikata, kan aikin da ba ni na ɓata ba. Na shigo ta ɗaya ƙofar ina huci, na tsaya a babban ɗakin da ma'aikatana ke zaune, ga baƙi biyu suna jirana. Sai ga masinjan namu ya shigo da fayil riƙe da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ga fayil ɗin da ka ce in kawo."

Har yau ina jin muryata. Na ce, "Kai, wai sau nawa zan faɗa maka? Ranki ake cewa. Ranki. Ka ga na yi maka kama da namiji? Shekara nawa kana Kaduna har yanzu ba ka iya Hausa ba?" Ban tsaya nan ba, sai da na kwaikwayi muryarsa, na ce, "Fayil ɗin da ka ce in kawo."

Ɗakin ya kwashe da dariya, irin ta ɗakin kwanan nan na Kano, ba ta da bambanci. In shugaba ya yi abin dariya ai kowa sai ya dara, ko ba ya so. Tsohon ya tsaya da fayil a hannu, ya ce, "Yi haƙuri, ran... ranki." Kalmar ta fito masa da ƙyar.

Na juya zan shiga ofishina, sai na ga Baba tsaye a bakin ƙofa, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, da sandarsa. Ban san tun yaushe yake nan ba, amma fuskarsa ta gaya min. Ya ɗan rusuna, daidai irin rusunawar da na gani ina 'yar shekara sha biyu, ya ce, "Ranki ya daɗe. An ce in zo."

Ya fitar da "ki" ɗin nan tsaf, ba tuntuɓe.

Ma'aikatana suka ji daɗi. Sakatariya ta ce, "Allah sarki, Madam, har Baba ma girmama ki yake." Wani ya ce wannan shi ne albarka. Suka taso suna gaishe shi. Ni kaɗai a ɗakin nan na san abin da aka yi min. Mutumin da ya yi shekara arba'in da wani abu yana ce min "ke" ya ɗauke ni ya ajiye a layin yaro mai laktaye.

A mota da direba kawai ya yi hira, yana tambayarsa mutanen gida. Likita ya duba, aka rubuta tabarau, muka mayar da shi Kawo. Da zai sauka ya ce, "An gode, ranki ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ashe ban san Baba ba. Kowace Asabar nake zuwa gaishe su, kuma Asabar ɗin nan da na durƙusa na ce, "Baba, ina wuninku?" sai ya gyara zama ya ce, "Lafiya lau, ranki ya daɗe. Ya aiki? Ya jama'a?" Ya matsa min a tabarma. Ya ce wa Inna a kawo wa baƙuwa ruwa. Abin da ya fi ci min rai shi ne ya daina aikena. A da ko zama ban yi ba zan ji, "Ke, miƙo min rediyon nan," ko "Ke, duba min ko an kira salla." Yanzu butarsa na kusa da ƙafata amma sai ya yunƙura da kansa ya ɗauka. In na yi wuf zan miƙa masa sai ya ce, "A'a, a'a, ranki ya daɗe, ai ba a yi haka ba."

Inna ta ja ni kicin ta ce, "Yaya, me kika yi wa mutumin nan ya ɗora ki a kujera?"

Na ba ta labari, amma irin bayarwar mai neman a goya masa baya. Na ce ni fa gyara na yi, Hausa ai tana da ƙa'ida, kuma ranar raina a ɓace yake, kuma ofis ba gida ba ne. Inna ta bar ni na gama tas, tana ta tsince shinkafarta. Sannan ta ce, "To ai shi ke nan, kina da gaskiya. Sai ki dafa ta ki ci."

Na tafi gida ina cika ina batsewa. Na ce wa maigidana tsufa ne ya fara taɓa Baba. Ya ce, "To," irin "to" ɗin da miji ke yi in yana son zaman lafiya.

A ofis kuwa abin da na shuka ya tsiro. Yaran sashen suka laƙaba wa tsohon "Baba Ranka". Suna faɗa a gabansa, suna ganin sun faranta min. Shi kuma ya daina gaishe ni da Hausa gaba ɗaya. In mun haɗu a baranda sai ya miƙe ya ce, "Monin Ma," idonsa a ƙasa. Fayil ma ya daina shigo min da shi, sai ya ajiye wa sakatariya ya juya. Na nemi hanya mai sauƙi. Kirsimeti ya matso, na sa direba ya kai masa buhun shinkafa da atamfa ta matarsa. Washegari ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Tankiyu Ma." Ranar Asabar na je Kawo da ɗan sa rai, Baba ya ce, "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe."

Haka muka yi kusan wata uku. Ni da nake tsammanin "ke" raini ce, sai ga ni ina kwana ina tashi da kewarta. Na tsorata ƙwarai, don Baba ya tsufa, kuma na san halinsa: zai iya tafiya kabari yana ce min ranki ya daɗe, ba tare da ya ɗaga murya ko sau ɗaya ba.

Wata Laraba na tarar da takarda a cikin tiren teburina. Rubutun hannu ne, da Turanci mai tsabta, layi a miƙe. Masinjan namu ne yake roƙon a mayar da shi wani sashe ya ƙarasa sauran shekarunsa a can. Bai faɗi dalili ba. Na ɗauki biro. Sa hannu ɗaya ne, in huta da ganin wannan sunkuyayyen kan kullum da safe. Har na ɗora bakin biron a takarda sai na tuna na taɓa jin yana cewa yana da 'ya mai koyarwa a firamare. Na ce a raina, da ita ce a bakin ƙofar nan ranar, ba Baba ba? Ai na san abin da za ta ji, na san har zafin da kunnuwanta za su yi. Na tuna kuma mai tafireta da fayil ɗin da ta iya turawa lungu ba ta tura ba. Shinkafar da na aika, ai tura fayil lungu ne.

Na ajiye biron. Washegari na bari sai da kowa ya zauna a teburinsa. Ban aika a kira masinjan ba, na fita da kaina zuwa benci. Ya zabura ya miƙe. Na ce, "Baba, don Allah ku shigo, ina da magana."

Ya biyo ni yana tsammanin wata tsiyar ce. Na tsaya daidai inda na tsaya ranar, na rusuna sosai, yadda aka koya min a Kawo, na ce, "Baba, ina kwananku?"

Sakatariya ta cire hannu daga kan na'urarta.

Na ce, "A nan wurin na ci mutuncinku, a gaban mutanen nan, na ce muku kai, na yi muku dariya. A gabansu nake roƙonku ku yafe min. Ba ku yi min laifin komai ba." Na ƙara da cewa, "Tsohon da kuka gani ranar, babana, masinja ne. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a kan benci irin naku. Da aikin nan ya yi min karatu."

Wannan ne karo na farko da na faɗi haka a ofis, kuma da na faɗa sai na ji kamar na sauke tulu daga ka. Na juya wajen yaran na ce, "Sunan nan da kuka sa musu, daga bakina ya fito, na janye shi. Wanda na ƙara ji ya faɗa, ni da shi."

Tsohon ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Ba komai, ran..." Ya tsaya, kalmar ta maƙale masa, yana tsoron inda za ta faɗi.

Na ce, "Ku faɗa yadda kuka saba, Baba."

Ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Ranka ya daɗe, yarinyana. Ya wuce." Na miƙa masa takardarsa da hannu biyu, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Har ya juya zai fita sai ya dawo, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Ai na san babanka masinja ne. Ranan da muna zaune a benci shi ya gaya min. Yana ta ba ni labarinka, ya ce wanda ke ciki 'yana ne, tun yana ƙarami bai taɓa ce wa babba kai ba."

Na shiga ofishina na kulle ƙofa. Abin da na yi a ciki ni da Allahna ne.

Ban gaya wa Baba komai ba. Na ga in na kai masa labarin da bakina, ya zama na yi ne don a biya ni. Ranar Asabar na je kamar kullum, na shirya wa wata "ranki ya daɗe" ɗin. Yana zaune a tabarma ƙarƙashin bishiyar mangwaron tsakar gida, da sabon tabarau, rediyo a gefe, kofin shayi a gabansa. Inna na kicin, ina jin ƙarar ludayinta a tukunya. Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuninku?"

Bai ɗago ba, yana murɗa rediyonsa. Ya ce, "Lafiya lau, Dattijuwa."

Ƙarar ludayi ta tsaya. Ni ma na kasa tashi daga durƙuson. An kira ni Madam, an kira ni Hajiya, an karanta sunana da lasifika a manyan taruka, amma ban taɓa jin girma ya cika min ƙirji irin na wannan la'asar ba. Na yi alfahari da kaina, na fi yin alfahari da wanda ya haife ni. Sau ɗayan nan ya faɗa, bai sake ba har yau, ni ma ban nema ba.

Ya tura kofin gabana da bayan hannu, har yanzu idonsa na kan rediyo. Ya ce, "Ke, shayin nan ya huce."

Na ɗauka na nufi kicin kusan da gudu. Inna ta matsa min wajen wuta, tana magana ƙasa-ƙasa, wai ashe tun ranar asibiti tsohon nan na ofishinmu in ya sauka a tashar Kawo zai canza bas, sai ya biyo ya gaida Baba, su zauna a ƙofar gida suna hirar fayil. Shekaranjiya ma ya zo, sun daɗe. Ta dube ni ta ce, "To hawayen na mene ne kuma? Kauce, kada ki zuba masa gishiri a shayi."

Na share fuska da bakin mayafi, na juye shayin, na kai masa da hannu biyu.